ZIYARAR GIDAN SARDAUNA DA UWARGIDANSA HAFSATU

Ya ku ɗalibai, da 'yan'uwana malamai, da iyayenmu na ikilisiya, ina so in yi amfani da wannan fili in yi bayani a kan wani gida da ke maƙwabtaka da mu a nan arewacin Kaduna, wanda da yawa daga cikinmu muke wucewa ta kusa da shi ba mu taɓa leƙawa ba.

In ka ɗauki takardar naira 200 ka duba, za ka ga hoton wani dattijo da rawani. Kusan kowane ɗalibi ya san sunansa, wato Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Amma in aka tambaya a aji, a ina ya zauna, a ina kuma ya rasu, sai ka ji shiru. Wasu su ce Sakkwato, wasu su ce Legas. Alhali kuwa gidan yana nan a Titin Rabah, kusa da Unguwar Sarki. Shi ne ake kira Arewa House, wato Gidan Arewa. A nan ya zauna yana Firimiyan Jihar Arewa, a nan kuma aka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Hausawa sun ce gani ya kori ji, saboda haka ga abin da ya kamata mai niyyar zuwa ya sani kafin ya tashi.

WANE NE MAI GIDAN?

An haifi Ahmadu Bello a garin Rabah ta ƙasar Sakkwato, titin gidan ma yana ɗauke da wannan suna. Ya fito daga zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya gama a 1931, ya koma Sakkwato ya kama aikin koyarwa. To, ku lura, kafin ya zama Firimiya malamin makaranta ne mai riƙe alli. A 1934 aka naɗa shi hakimin Rabah, a 1938 kuma aka ba shi sarautar Sardauna. Ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya riƙe wannan muƙami har ranar da ya rasu a 1966.

A wancan zamani Kaduna ita ce hedkwatar Arewa baki ɗaya, tun da Turawa suka taso daga Zungeru suka dawo nan a 1917. Ƙasar da yau aka raba jihohi 19, a lokacin gwamnati ɗaya ce take mulkinta, daga Sakkwato zuwa Borno, daga Katsina zuwa Ilori da Makurɗi. Majalisa tana zama a Zauren Lugga. Sarakuna, da ministoci, da baƙi daga ƙasashen waje, da talakawa masu koke, duk gidan Firimiya suke nufa.

A zamaninsa ne Arewa ta sami mulkin kai, ranar 15 ga Maris 1959. A zamaninsa aka kafa masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957, da Bankin Arewa, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, da jami'ar Zariya mai sunansa wadda aka buɗe a watan Oktoba na 1962. Jaridar New Nigerian kuwa ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu 1966, mako biyu kacal kafin rasuwarsa. Taken gwamnatinsa shi ne Aiki da Ibada. Babban abin da ya dame shi shi ne ƙarancin 'yan boko a Arewa, don haka ya dage wajen tura yara makaranta da shigar da samari aikin gwamnati da na soja.

UWARGIDA HAFSATU

A littattafan tarihi da muke karantawa a aji ba safai ake ambaton matan shugabanni ba. Hafsatu 'yar gidan Wazirin Sakkwato ce, kuma ita ce uwargidan Sardauna. Sun yi zaman aure fiye da shekara 30, tun yana ƙaramin ma'aikaci har ya zama shugaban Arewa.

Kada ɗalibi ya auna ta da matan shugabanni na yanzu. A zamaninta babu ofishin uwargidan shugaba, babu motoci masu jiniya, babu jawabi a rediyo. Wannan tsari bai yi ƙarfi a Nijeriya ba sai a zamanin Maryam Babangida, wadda ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987. Hafsatu a cikin gida take, bisa al'adar manyan gidajen Sakkwato. Amma ku tuna gidan Firimiya gida ne da ba ya rabuwa da baƙi dare da rana. Kula da abinci, da 'yan'uwa, da yaran riƙo, da matan baƙi, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a wuyan matan gidan yake. Duk wadda ta taɓa shiga kicin ranar taron zumuntar mata ta san nauyin ciyar da jama'a na yini ɗaya, balle na kullum.

Abin da ya sa sunanta ya shiga tarihi shi ne daren ƙarshe. Waɗanda suka tsira daga gidan sun ba da labari cewa da sojoji suka iso inda maigidan yake, ta ƙi rabuwa da shi. Tare aka harbe su.

DAREN 15 GA JANAIRU 1966

Ranar Asabar ce, kafin asuba, cikin watan azumin Musulmi. A ranar Juma'a Firimiyan Jihar Yamma, Cif Samuel Akintola, ya zo Kaduna ya gana da Sardauna, ya koma Ibadan. Cikin dare sai wani rukunin sojoji, waɗanda aka fito da su da sunan atisayen dare mai laƙabin Damisa, suka kewaye gidan. Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ne ya jagorance su. Suka harba babbar bindiga irin ta fasa tankar yaƙi, gini ya kama wuta. Suka kutsa har sashen iyali, inda suka kashe Sardauna da Hafsatu. Wasu daga cikin masu tsaron gidan su ma sun rasa rayukansu.

Ba wannan gida kaɗai aka shiga ba. A nan Kaduna an kashe Birgediya Samuel Ademulegun tare da matarsa, da Kanar Ralph Shodeinde. A Ibadan an kashe Akintola. A Legas an kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar Kanar James Pam, Kirista ɗan ƙasar Jos. Duk wanda ya duba waɗannan sunaye zai ga akwai Musulmi akwai Kirista a cikin mamatan.

Masu juyin mulkin sun ce sun tashi ne domin su kawar da cin hanci da rashin adalci. Amma dubi abin da ya biyo baya. A watan Mayu, da kuma Satumba da Oktoba na 1966, an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, mutanen da ba su ji ba su gani ba. Ranar 29 ga Yuli aka yi wani juyin mulkin, aka kashe Janar Aguiyi-Ironsi. A watan Yuli na 1967 yaƙin basasa ya ɓarke, bai ƙare ba sai ranar 15 ga Janairu 1970, shekara huɗu cif daga daren da aka ƙona gidan Titin Rabah. Shi ya sa har yanzu ranar 15 ga Janairu ce ranar tunawa da mazan jiya a Nijeriya.

ABIN DA YA SHAFE MU KAI TSAYE

Akwai wani abu da ya wajaba ɗalibin makarantar mishan ya sani, ko da yake ba shi da daɗin ji. Manjo Nzeogwu ba baƙo ba ne a garin nan. A Kaduna aka haife shi a 1937, har ma sunan garin ya zama sunansa, kuma yana jin Hausa sarai. Sakandaren da ya yi ita ce Kwalejin St. John ta mishan ɗin Katolika, wadda gwamnati ta karɓa a farkon shekarun 1970 ta koma Kwalejin Rimi. Daga baya ya sami horon soja a Sandhurst ta Ingila. An san shi da ƙwazo da riƙon addini. Wato dai yaro ne da ya zauna a benci irin naku, ya yi addu'ar safe irin taku, ya ci jarrabawa irin wadda kuke shirin ci.

Bai kai shekara 30 ba lokacin da ya yanke shawarar cewa bindiga ce za ta gyara ƙasa. Shi kansa an kashe shi a fagen yaƙi kusa da Nsukka a watan Yuli na 1967, aka kawo gawarsa Kaduna aka binne a maƙabartar sojoji bisa umarnin Janar Yakubu Gowon. Sardauna ma a nan Kaduna aka yi masa sutura. Ga wanda ya kai hari, ga wanda aka kai wa, duk suna kwance a ƙasar gari ɗaya.

Ban kawo wannan don in ɗora laifi a kan wata makaranta ko wata ɗarika ko wata ƙabila ba. Na kawo shi ne domin mu gane cewa ilimi da kishin ƙasa ba su isa su tsare mutum daga zubar da jini ba, in ya riga ya tabbatar wa kansa cewa shi kaɗai ke da gaskiya. A littafin Sama'ila na fari, sura 24, mun karanta yadda Dawuda ya sami Sarki Saul a kogo, da ikon kashe shi a hannunsa, kuma yana da dalilin ƙorafi, amma ya ƙi. Wannan labari ya cancanci a sake karanta shi kafin a tafi Titin Rabah.

GIDAN WAYE?

Wani zai ce, ai wannan gidan tarihin Musulmi ne, me ya kai mu? Tambaya ce da ya kamata a amsa ta da gaskiya. Ba kowa ne ya ji daɗin mulkin Sardauna ba. 'Yan jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano sun sha ɗauri a kotunan gargajiya. A ƙasar Tibi an yi tarzoma a 1960 da 1964, aka yi asarar rayuka. Rangadin musuluntarwa da Firimiya ya yi a shekarunsa na ƙarshe ya tayar da hankalin shugabannin ikilisiya ƙwarai, kuma a 1964 ne Kiristocin Arewa suka kafa ƙungiyarsu ta haɗin kai. Duk wannan gaskiya ne, ba kuwa za a share shi ba.

Amma akwai ɗaya gefen. A majalisar ministocinsa akwai Kiristoci irin su Michael Audu Buba da George Ohikere. Sunday Awoniyi, Kirista daga ƙasar Kabba, ya yi aiki kusa da shi yana saurayi, kuma har ƙarshen ransa yana yaba masa. Dokta Ishaya Audu, wanda ya tashi a hannun mishan a Wusasa, ya yi aikin likitan Firimiya, daga baya kuma ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Kakanninmu da yawa da tallafin karatu na gwamnatin Arewa suka je kwaleji. Harajin manomin Zonkwa da na Pankshin yana cikin kuɗin da aka tafiyar da wannan gwamnati, daidai da na manomin Gusau. Saboda haka gidan namu ne duka, da daɗinsa da ɗacinsa.

Mu mutanen Kaduna mun san abin da rarrabuwa take jawowa. Bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002, iyalai da yawa sun yi ƙaura, Kiristoci suka fi tsallakawa kudancin kogi, Musulmi suka fi taruwa a arewa. Yaran da iyayensu suka yi wasan ƙasa tare, yau ba su san juna ba. In kowane ɓangare ya ɗauki rabin tarihi ya bar rabi, to, kowa zai tashi da labarin abin da aka yi masa kawai, ba tare da labarin abin da aka yi wa maƙwabcinsa ba.

YADDA GIDA YA ZAMA MAKARANTA

A watan Mayu na 1967 Janar Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12, shida daga ciki a Arewa. Aka kafa wata hukuma ta riƙon ƙwarya domin kula da kadarorin da jihohin shida suka gada tare, har da gidan Firimiya. A 1970 aka mayar da gidan cibiyar tattara tarihin Arewa da bincike a kansa. Wanda ya fara shugabantar ta shi ne Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila masanin tarihi wanda ya musulunta, ya zauna a ƙasar nan har rasuwarsa a 1984. Yanzu cibiyar tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Mai ziyara zai tarar da abubuwa iri uku. Na farko, ɗakunan nuni, inda aka ajiye hotuna da kayayyakin da suka shafi rayuwar Sardauna da aikinsa, tare da kayan al'adun al'ummomin Arewa. Na biyu, ɗakin karatu da ma'ajiyar takardu, inda ake adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, da takardun gwamnatin Jihar Arewa, da tsofaffin jaridu. Masu neman babban digiri daga jami'o'in gida da na waje suna zuwa bincike a nan. Na uku, zauren taro, inda ake yin laccoci da tarurrukan da suka shafi ƙasa.

Ba Kaduna kaɗai ke da irin wannan wuri ba. A Kano akwai Mambayya, gidan Malam Aminu Kano, wanda Jami'ar Bayero take kula da shi. A Bauci akwai hubbaren Tafawa Ɓalewa. A Wusasa ta Zariya, inda Janar Gowon ya tashi a gidan mahaifinsa mai aikin bishara, tsohuwar majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa tana nan tsaye. A Afirka ta Kudu, ɗan ƙaramin gidan da Nelson Mandela da Winnie suka zauna a Soweto ya zama gidan tarihi. A Amurka kuwa mutane sukan je ƙauyen Plains su ga gonar da Jimmy Carter ya tashi, da makarantar da shi da matarsa Rosalynn suka yi. Shi ne shugaban Amurkan da ya ziyarci Nijeriya a 1978, kuma bayan ya sauka daga mulki ya koma ƙauyensu ya ci gaba da koyar da darasin Lahadi a majami'ar Baftis. Rosalynn ta rasu a 2023, shi kuma a 2024 yana da shekara 100, aka binne su a harabar gidansu. Dalilin adana irin waɗannan gidaje ɗaya ne a ko'ina: yaro ya ga da idonsa cewa shugaba mutum ne, yana da ɗakin kwana da iyali, kuma yana mutuwa.

SHAWARA GA MASU NIYYAR ZUWA

Na ɗaya, in aji ne ko ƙungiyar matasan ikilisiya za su je, a fara rubuta wa hukumar cibiyar takarda ta hannun shugaban makaranta ko fasto, a tsayar da rana. Wurin aiki ne, akwai masu karatu a ciki.

Na biyu, a karanta tarihin shekarun 1954 zuwa 1970 kafin a tafi. Wanda bai san labari ba, hoto kawai zai gani a bango.

Na uku, kowa ya riƙe littafin rubutu da biro. Matambayi ba ya ɓata. A tambayi jami'in da ke zagayawa da ku: wane sashe ne ya ƙone a 1966, wanne aka gina daga baya? Ina ne sashen iyali? Ina Firimiya yake karɓar baƙi? Su wane ne mutanen da ke tsaye a bayansa a cikin hotuna, daga ina kuma suka fito?

Na huɗu, kada a taɓa kayan nuni ko tsofaffin takardu, kada kuma a ɗauki hoto sai an nemi izini. Takardar da ta shekara ɗari, gumin hannu ma yana lalata ta.

Na biyar, a shiga da ladabi. An zubar da jinin mutane a wannan wuri, kuma zuriyarsu suna nan da rai. Ba wurin shewa da guje-guje ba ne, ba kuma wurin gardamar addini ba.

In da sauran lokaci, a biya ta gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Titin Ali Akilu, wanda ba shi da nisa. Shi Ali Akilun shi ne sakataren Firimiya.

KAMMALAWA

A littafin Joshuwa sura 4, bayan Isra'ilawa sun haye Urdun, an umarce su su ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin su kafa, domin in 'ya'yansu suka gani suka yi tambaya, a ba su labari. Gidan Titin Rabah irin waɗannan duwatsu ne a gare mu, amma dutse ba ya magana sai an sami mai tambaya.

Saboda haka ga aikin hutu, ba na maki ba. Waɗanda suke 'yan makaranta a watan Janairu na 1966 yanzu sun tsufa, kullum kuma raguwa suke yi. Ka zauna da kakarka ko wani dattijon ikilisiya, ko maƙwabcinku Musulmi mai shekaru, ka tambaye shi inda yake ranar da labarin ya iso, da abin da ya gani a watannin da suka biyo baya. Ka rubuta yadda ya faɗa, da kwanan wata, ka adana. Dattawan ikilisiya kuma ina roƙonku, a kula da tsofaffin littattafan baftisma da na aure da na taron majalisa, kada gara ta cinye su a kwali.

Ku da kuke barin mu bana, wasunku za su zama sojoji, wasu alƙalai, wasu ma wataƙila gwamnoni da matan gwamnoni, ko gwamnoni mata. Kafin ku tafi, ku je ku ga wannan gida. Ubangiji ya ba ƙasarmu salama, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya kuma tsare hannuwanmu daga jinin ɗan'uwa. Amin.